Sunan da Illo Mai Jita Bai Taɓa Faɗi Ba

Illo Mai Jita bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa manomi ne a Kamarawa, mai shanu bakwai da kunya mai yawa, kuma da aka zo rabon gado kunyar ce ta fi isar kowa. Yana yaro ya koyi busa sarewar kara a wurin kiwo. Da ya tasa, sai ya bi motar wani mai kai wake Maraɗi da niyyar kwana uku. Ya yi shekara huɗu.

A can ya faɗa hannun wani Buzu mai suna Ibrahima, shugaban makaɗan biki, wanda ya ɗauke shi dakon kaya, ya ƙare da koya masa jitar lantarki. Illo ya dawo gida da jita ja, da lasifika mai aiki da batirin mota, da sana'ar facin taya. Facin ne ke ciyar da gidansa har yau a bakin hanyar Bafarawa. Kiɗa na ranakun biki ne.

Mutane sun rasa inda za su ajiye kiɗan nasa. Yakan fara da rugugi kamar hadarin farkon damina, jita na kuka, Hamza mai kalangu na bin ta a guje. A tsakiya kowa ya kama gabansa kamar awakin da aka kwance, har a ce sun ɓata, sai ga su sun haɗu a bakin rijiya ɗaya. Daga nan Illo ya sauke murya ƙasa-ƙasa, ya rera abin da ke sa tsofaffin mata gyara lulluɓi ba dalili. Wani malamin sakandare a Isa ya taɓa gaya masa cewa a ƙasashen waje rabin farkon nan rok da jaz ake ce masa. Illo ya yi godiya, ya ce bai san ciwon yana da suna ba.

Aikin mawaƙin biki faɗin suna ne, kuma Illo ba ya rowa. Daga Kurawa har Sabon Birni ya ambaci amare da angwaye, da uwayensu, da direban da ya kawo kujeru. Mutum ɗaya ce bakinsa bai taɓa ambata ba: Naja'atu, 'yarsa ta fari. A gidansu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya yi masa dariya a gaban mutane. Da aka yaye ta, mahaifiyar Illo, wadda kowa ke kira Uwa, ta ɗauke ta zuwa sashenta, dangar kara ce kawai tsakani. In dole ta kama ya yi maganarta sai ya ce "ɗiyar Uwa".

Tana shekara biyu ƙyanda ta kama ta. Illo yana jin kukanta ta cikin danga, ba halin shiga. Sai ya riƙa zama a bayan dangar da azahar, jita a cinya ba lantarki, yana taɓa wasu sautuka biyar masu hawa su sauko a hankali, har kukan ya lafa. Kwana tara yana haka. Duk wanda ya tambaya, ya ce tsirkiya yake gyarawa. Tun daga lokacin sautukan nan biyar suke rufe kowace waƙarsa mai sanyi, kuma masu sauraro sun ɗauka salon Maraɗi ne.

Shekaru suka tafi. Naja'atu ta gama makaranta, ta kawo Fatihu, wani tela na Sabon Birni, aka sa rana. Saura mako guda Uwa ta dogara sanda har rumfar faci.

"Ɗiyata ta aiko ni," in ji ta. "Ta ce ka yi wa kowa waƙa, har mai kujeru. Tana so ta ji sunanta bakinka sau guda kahin ta tahi."

"Uwa, kin san ba a yi."

"Na sani, ni na koya maka. Saƙo na kawo, ban zo hwatawa ba."

Makon nan Illo ya gwada. Yakan tsoma tub ɗin taya a cikin bahon ruwa yana neman huji, ya waiga ba kowa, ya buɗe baki. Harshen da ya ɗauki sunayen ƙauyuka goma sha biyu sai ya kwanta kamar saniyar da ta ƙi tashi. Abin da ke cin ransa shi ne yarinyar za ta bar gidan tana zaton ita kaɗai ce ba ta cancanci waƙa ba.

Ranar biki, kamar yadda ake yi yanzu saboda halin hanya, an fara kiɗa da wuri don a watse kafin rana ta faɗi. Uban amarya ba ya zuwa filin kiɗa. Illo ya zo, ya ce batirin lasifikarsa ya zo dubawa. Da ya duba batirin, sai ya duba jitar ma.

Bai taɓa kiɗa mai ƙarfin na ranar ba. Ya ambaci Fatihu da keken ɗinkinsa, da uwar ango, da ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya. Aka zo kan amarya, fili ya yi tsit, don kowa ya san al'adar, kowa kuma yana so ya ga yadda za a ƙare. Illo ya buɗe baki. Ya rufe. Sannan ya zare wayar lasifika, ya taka har gindin dangar Uwa, inda amarya ke zaune a ciki, ya tsuguna, ya taɓa sautukan nan biyar. Ya maimaita su sau uku. Mutanen fili suka ce batiri ya mutu, wani har ya ce dama bai yarda da dubawar ba.

Da la'asar aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa cikin lulluɓi, shi kuma yana kallon tabarma.

"Baba, Uwa ta ba ni labarin ƙyanda."

"Tsirkiya nike gyarawa."

"Kwana tara?"

"Tsirkiyar Maraɗi ce. Ba ta da kirki."

Lulluɓin ya girgiza, ba a san ko dariya ce ko kuka ba. Illo ya gyara murya ya ce ta yi haƙuri da mutane, ta riƙe salla, Allah shi yi mata albarka. Da za a shigar da ita mota, ya ji ana rera sautuka biyar a ƙarƙashin mayafi, ba ko kuskure ɗaya. Ya juya ya shiga duba tayar motar da kyau, duk da sabuwa ce.

Bara Naja'atu ta haifi ɗanta na fari, aka sa masa Abubakar Siddiƙ. Ba ta kiran sunansa, don ita ma an raba gadon da ita. In yana kuka, sautukan nan take rera masa. Kaka kuwa ba kunya tsakaninsa da jika. Zuwa yanzu Illo ya yi wa yaron waƙa uku, kuma a kowacce yana faɗin sunan cikakke, da ƙarfi, har lasifika na rawa.