Kurkunun da Na Ja a Las Palmas

Jama'a, na daɗe ban ce uffan a nan ba. Yau zan faɗi abin da na shekara fiye da sittin ina ɓoyewa game da wannan ƙafa tawa da ba ta lanƙwasuwa.

'Yan shekaru kafin a ba mu 'yancin kai, ina ƙaramin malamin gona, aka zaɓe ni in je kwas Ingila. Ni, ɗan ƙauyen Yako, wanda ko Ikko, wato Legas, bai taɓa gani ba. Gurbi ɗaya ne tak, kuma an gaya mini wanda bai isa ranar buɗe makaranta ba, ya rasa shi.

Kwana uku da shiga jirgin ruwa, wani bororo ya fito mini a idon sawu, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na san ko mene ne. Duk wanda ya sha ruwan tafkin garinmu ya san kurkunu.

Na ɓoye. Tsoro nake kada likitan jirgi ya sauke ni, kuma ina jin kunyar Turawa su ga tsutsa a jikin mai zuwa karatu.

Jirgi ya tsaya a Las Palmas, wani tsohon birnin Sifen a bakin teku, aka ce mu sauka mu sha iska zuwa la'asar. Na matse ƙafar cikin sabon takalmi, na bi mutane ina ɗingishi ina yaƙe. Tituna duk daɓen dutse, gidaje da barandar katako, ga wata tsohuwar majami'a baƙa ƙirin. Kowa na kallon gini, ni ina neman ruwa.

A wani fili na sami kwarmin dutse mai feshin ruwa. Na cire takalmi na tsoma ƙafar. Sanyi ya ratsa ni, bororon ya fashe, sai ga kan tsutsar fari fat ya leƙo.

A gida ba a yi wa kurkunu gaggawa. A tsinke ake naɗe shi, kaɗan-kaɗan kullum, ko da zai kai wata. Na naɗa a tsinken ashana yadda na ga ana yi. Sai jirgi ya yi ƙugin kira. Na ce bari in gama da shi yanzu in huta.

Na ja. Ya tsinke.

Na lallaɓa na koma jirgin, ashe kwana zai yi a tashar yana lodi. Kafin hantsi ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi na kaɗa ni. Likitan da nake gudu shi ya zo ya yaye bargon. Ya ce, "Da ka zo mini tun farko, da tare za mu ƙarasa tafiyar nan."

A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka sauke ni. Ta tagar asibiti na ga hayaƙin jirgin yana nisa.

Sau uku aka tsaga ƙafar ana matse mugunya. Allura safe da yamma har na rasa ɓangaren da zan kwanta a kai. Ba mai jin Hausa, sallah a kwance, alƙibla sai dai in kintata. Wata rana likita ya shata layi da yatsa a saman gwiwata, ya ce da guntun Turancinsa, "In bai sauka ba zuwa jibi, nan."

Na yi kuka. Na roƙi Allah Ya ɗauki raina a maimakon ƙafar, ina neman gafararSa a kan wannan har yau.

Wata tsohuwar sista ce ta hana ni lalacewa. Ta lura ba na taɓa naman da ake kawowa, ta koma dafa mini kifi, tana tsaye a kaina sai na cinye.

Kumburin ya sauka. Ƙafa ta tsira, gwiwa ta sandare. Wasiƙa ta iske ni a gadon cewa an ba wani gurbina, aka sa ni a jirgin da zai koma Ikko.

Da na isa gida na ce a matakalar jirgi na faɗi. Baba ya sa na zauna, ya daɗe yana duba tabon, sannan ya ce a hankali, "Ja ka yi, ko?"

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Kai da aka naɗe maka biyu a ɗakin nan kana yaro." Bai ƙara ba, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba har ya koma ga Allah.

Na gode wa Allah da Ya bar mini ƙafar. Na gode wa sistar nan da ban ma san sunanta ba. Allah Ya jiƙan Baba.

Ku kuma, don Allah kada ku ɓoye wa likita ciwo, kome muninsa. Ku tace ruwan sha. In jiki ya ce a bi shi sannu, a bi shi sannu.

Ba a sake kirana kwas ba. Shekara talatin na yi ina auna gonakin mutane a Kiru da sanda a hannu, wanda aka ba gurbina kuwa shi ke sa hannu a takardar hutuna.