Miyar Yakuwar da Na Cika wa Kanwa

Inna ta kwanta ciwo ne da damina, ba a daɗe ba da Turawa suka ci Kano. A lokacin muna zaune a gindin duwatsun Dutse, gidanmu na kusa da wasu dabinai. Matata ta tafi gidansu a Kiyawa za ta haihu, ƙanwata kuma tana aure a Jahun. Daga ni sai mahaifiyata.

Ciwon bai dame ni kamar rashin cin abincinta ba. Maƙwabta suna aiko da tuwo, ta buɗe akushi, ta sunsuna, ta rufe. Kunu ma sai ta kurɓa ta ture. Ina kallo wuyan hannunta yana komawa kamar kara. Na san idan ba ta ci ba, ba za ta tashi ba.

Wata rana da hantsi ta ce, "Kai wannan." Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Miyar yakuwa nake marmari. Irin tawa."

Na ce bari in roƙi matar maƙwabcinmu. Ta ce, "Waccan? Miyarta kamar ruwan wanki. Kai za ka yi."

Allah Ya yafe mini, na girma ina cin miyar nan ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yin ta ba. Allona kawai na sani da fartanya, ina ganin murhu ba wurin namiji ba ne. Abu ɗaya na riƙe: yakuwa tana da tsami, kanwa ake sa mata ta rage shi. Na tsinko ganye a bayan gida, har da jajayen 'ya'yan, na ɗora tukunya. Ban ga inda take ajiye kanwar miya ba, girman kai kuma ya hana ni tambaya. Sai na fasa wadda muke ba shanu, na jefa dunƙule guda.

Nan take tukunya ta taso da kumfa har tana kashe wuta. Da ta lafa, jan miyar ya ɓace, ta koma baƙi-baƙi da kore. Na ɗanɗana. Babu tsami ko kaɗan, sai ɗaci da santsi kamar sabulu. Na ɗauke ta zan zubar a bayan danga.

"Ina za ka da tukunyata, malam mai girki?" Ashe tana hangena ta ƙofar ɗaki.

"Inna, na kashe ta."

Ta yi dariya har da tari, dariyar da na kwana biyu ban ji ba. "Kawo in gani. Kai, wannan ai ko sa sai ya yi tunani. Je ka jiƙa tsamiya."

Na jiƙa, na tace, na zauna kusa da tabarmarta. Ta ce in riƙa zubawa kaɗan-kaɗan ina juyawa. Tana magana a hankali, tana hutawa.

"Tsamin bai mutu ba. Yakuwa ce ta miƙa shi, kanwa ta karɓe. Yanzu yakuwar hannunta wayam, jira take a ba ta. Tsamiya ta fi ta tsami, ita za ta bayar. Ragowar kanwar za ta fara ƙoshi, sannan yakuwa ta karɓi nata, ta koma yadda take."

"To ita tsamiyar fa?"

"Idan ta bayar ai ta zama irin yakuwar ɗazu. Kada ka nemi tsaminta duka a ciki. Zuba, ka daina surutu."

Kumfa ta sake tasowa, ƙarama wannan karon. Sai na ga gefen tukunya yana washewa, ja yana dawowa daga inda ruwan tsamiyar ya sauka. Ta ce in tsaya. Ta sa yatsa ta lasa.

"Ba irin tawa ba ce," ta ce. "Kawo tuwon."

Ta ci. Ba da yawa ba, amma ta ci, ta kuma ce a rufe mata sauran. Washegari ta nuna mini ƙoƙon kanwarta a ɓoye cikin jinka, ta gwada mini da farce iya abin da ake sawa. Ta tashi daga wannan ciwo, har ta goya jikanta.

Ta daɗe da rasuwa yanzu, Allah Ya ji ƙanta. Matata ta iya miyar yakuwa, ba ta taɓa cika mata kanwa ba. Amma duk damina, idan na ji ƙamshinta, ba miyar Inna mai kyau nake tunawa ba. Waccan baƙar tukunyar nake so a dawo mini da ita, ina juyawa, ita kuma tana kan tabarma tana ce mini in zuba kaɗan-kaɗan.