Zaren Malam Bitrus da zanen cotangent

Ina tsaye gaban allo a wata makaranta a Utako, ɗalibai na kallona. Gwajin ɗaukar malamin lissafi ne, na farko tun da na gama jami'a, shugabar makarantar kuma tana zaune a baya. Aka ce in zana cot x, wato cotangent. Na ja layin asymptote, wato layin tsaye da zanen ke kusanta amma ba ya taɓawa, a kan digiri 90.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu.

"Malam, wannan ai na tan ne."

Gaskiyarta ce. Nan take Malam Bitrus ya faɗo mini a rai, malaminmu na sakandare a Jikwoyi. Ba shi da rular allo. Zare yake gogawa da alli, mu riƙe masa sama da ƙasa, ya ja ya saki kamar magini, layi ya fito sambal. Amma ba ya sakin zaren sai ya tambaye mu abu ɗaya.

Na goge layin, na yi musu tambayarsa.

"Cot shi ne cos bisa sin. To, ina sin ya mutu, wato ya zama sifili?"

"A digiri sifili, Malam! Da 180, da 360!"

Can na ja layukan. Shugabar ta ce in fara ranar Litinin, jiya kuwa na sayo zare da alli.

Ku fa, wane malami ne muryarsa ke dawo muku idan kun rikice?