Ranar da Aka Ba Abokina Harbin da Bai Yi Ba

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin wasu yaran da na koyar, amma akwai wata Lahadi da ba za ta fita daga raina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. A lokacin ina malamin lakwal, wato makarantar boko, a Badagishiri, 'yan shekaru bayan tafiyar Nasara. Albashi na shigowa, iyali ba su yi yawa ba, kai kuma cike da iska. Abin da na fi so a duniya a wancan zamani shi ne harbi.

Kada a ɗora mana girman da ba namu ba, mu ba maharba ba ne. Maharbi gadon sana'arsa ya yi, yana da sirrinsa, da ita yake ci da gidansa. Mu 'yan sha'awa ne kawai: ni, da wani malamin asibiti, da wani tsohon soja, sai wani Alhaji mai sayen shanu yana kora su Najeriya, wanda shi ke da motar da muke shiga. Da an kwashe amfanin gona, ran Lahadi da hantsi sai mu nufi dajin da ke tsakaninmu da Illela. Mu jera gwangwanaye a kan dutse mu yi ta gasa, sannan mu bi zabi da kurciyoyi. In an yi sa'a a sami barewa, a yi wata guda ana labarinta.

Ina da aboki, dillalin shanu, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Daren kasuwa gidansa cike yake da Fulani da Buzaye, a nan suke sauka tun zamanin uban nasa. Bafillace zai bar masa sa ya koma ruga, babu shaida babu rantsuwa, sai wata kasuwa ya zo ya tarar da haƙƙinsa. Ba shi da garke, ba shi da gona ta kirki. Duk jarinsa yardar nan ce ta makiyaya, da ita yake ci da mata da 'ya'ya da tsohuwarsa.

Wata rana na ja shi bayan gari na ba shi bindigata ya gwada. Wallahi ban taɓa ganin ido irin nasa ba. Mutumin da bai taɓa jan kunama ba, sai ga shi yana zubar da gwangwanaye kamar da hannu yake ture su. Na ga yadda fuskarsa ta yi haske, ya yi ta shafa bindigar kafin ya miƙo mini. Amma da na ce ya shigo cikinmu, sai ya noƙe.

"Malam, ni da makiyaya nika cin abinci," in ji shi. "Daji gidansu na. In sunka gane ni cikinai da bindiga, mi za su ce?"

"Mi za su ce? Zabi za ka halbi, ba shanu ba."

"Kuma ga Alhaji. Rabin shanun da ka biyowa hannuna shi ka sayen su. Ba ni son zama abokin wasanai."

Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na ce an ce tsoro na daji, kunya ta gida, shi kuwa ya haɗa su biyun ya ɗaura a kai yana yawo da su. Na ce masa a bayan bindiga babu babba babu yaro, wanda ya fi saiti shi ne sarki. Kuma har ga Allah haka na yi imani a lokacin, don sau da yawa na kayar da Alhaji a gasa, ya yi dariya ya ba ni goro.

Ban ƙyale shi ba. Duk zabon da na samu sai na aika gidansa, in ce a gaya wa mai gidan tsoro ga abin da maza suka samo. In mun zauna da yamma in yi ta ba shi labarin yadda zuciya ke bugawa in zabi sun tashi gaba ɗaya. In ce Allah ya ba shi baiwa yana zaune a kanta, daga gida sai kasuwa, daga kasuwa sai masallaci, yaushe zai yi wani abu don daɗin ransa? Wannan maganar ce ta shige shi. Bayan damina ya tafi Konni ya sayo tsohuwar bindiga mai baki ɗaya, ya yi mata takarda. Matarsa ta ce mini kullum da la'asar sai ya fito da ita ya goge, ya mayar, ya sake fitowa da ita.

To, muna da wata al'ada a tsakaninmu. Ranar da mutum ya fara fita da bindigarsa, duk abin da ya faɗi nasa ne. Ko wa ya harba, sai a ɗaga murya a ce, "Sabon shiga ya halba!" A ɗora masa naman, ya shiga gari da shi ya raba wa maƙwabta. An yi haka ne don kada baƙo ya koma gida hannu rabbana ran farko, ya ji kunya ya daina zuwa. Al'ada ce mai kyau, ni ma an yi mini, kuma da ita na ƙarasa lallashin abokina.

Ranar ta zo. Ya fito da sabuwar riga, yana ta murmushin kunya, tsohon soja na ta zolayarsa wai ya riƙe bindiga kamar mai riƙon jariri. Ba mu ma tsaya kan gwangwanaye ba, don an gaya wa Alhaji an ga barewa a wani kwari, shi kuwa duk ya ƙosa. Muka bar mota a bakin hanya, muka jeru muka shiga cikin sabara. Ina tsakiya, Alhaji a damana, abokina a haguna, kusa da ni har ina jin numfashinsa.

Can sai wani abu ja ya motsa a cikin duhuwar sabara. Kafin kowa ya ɗaga hannu Alhaji ya saki baki biyu a jere. Muka ji abu ya faɗi yana shure-shure. Tsohon soja ya kwarara murya, "Sabon shiga ya halba!" Muka amsa gaba ɗaya, har dajin ya ɗauka, muna dariya muna bubbuga kafaɗar abokina. Muka ruga wurin.

Ba barewa ba ce. 'Yar karsana ce ja, ta kwanta a inuwa, harsashi ya fasa mata wuya da kafaɗa. Dariya ta mutu a bakinmu. Muna tsaye cirko-cirko sai ga mai ita ya fito daga bayan itatuwa, sanda a kafaɗa. Wani tsohon Bafillace ne, kuma da na ga fuskar abokina na gane ya san shi. Baƙon ubansa ne tun abokina bai iya tafiya ba. Ciwon shanu ya cinye masa garke a shekarar da ta wuce, karsanar nan kuwa aro ce wani ɗan'uwansa ya ba shi, irin wadda Fulani ke kira habbanaye, ya riƙe ta har ta haifa masa abin da zai sake kafa garke da shi, sannan ya mayar.

Tsohon bai yi ihu ba. Ya durƙusa, ya juya ta gabas, ya zaro wuƙarsa ya yanka ta da hannunsa don kada ta mutu banza. Ya goge wuƙar da ganye, sannan ya ɗago.

"Wa ya halbe ta?"

Alhaji ne ya fara gyaran murya. "Ai ka ji da kunnenka, Baffa. Sabon shiga na, hannu bai zamna ba tukuna. Kuskure na. Kak ka damu, ni za ni biya mishi."

Ku ji fa, shi zai biya masa! Jinina ya hau. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Bindigar mutumin ga ko ɗumi ba ta yi ba, a taɓa a ji."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Malam, al'adar wa ta? Ba kai ka hi kowa ɗaga murya ba yanzun nan?"

Na juya ga malamin asibiti, yana duban takalminsa. Na juya ga tsohon soja, mutumin da kullum yake ba mu labarin yaƙi, sai ga shi yana gyaran igiyar bindiga. Bafillacen bai kula kowa a cikinmu ba, abokina kawai yake kallo.

"Ɗan mai gidana, kai na?"

Abokina ya dubi Alhaji, ya dubi karsanar. Ina ta zungurarsa da gwiwar hannu. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Baffa, ka yi haƙuri."

Shi ke nan. Muka koma mota muka juyo gida. Alhaji ya sauke mu a bakin gari, har yana ce wa abokina kada ya sa abin a ransa, kowa da haka ya koya.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama rugage: dillali ya sayi bindiga, ya bi manya daji, ya harbe karsanar baƙon ubansa. Alhaji ya biya kamar yadda ya ce, aka yi ta yaba masa. Gidan abokina kuwa daren kasuwa baƙi suka fara raguwa. Yau wannan ya sauka wani gida, gobe wancan ya aiko a karɓo masa tabarmarsa da ya saba bari. Babu wanda ya zage shi. Suna gaishe shi a kasuwa da fara'a, su wuce da shanunsu hannun wani.

Na kasa haƙuri. Na hau kekena na nemi rugar tsohon Bafillacen, na same shi zaune gindin aduwa. Ya sa aka kawo mini nono. Na rantse masa da Allah cewa abokina bai harba ba, na gaya masa al'adar tamu daga farko har ƙarshe. Ya saurare ni har na gama.

"Malam, na sani," ya ce. "Na ga bakin bindigar da ka hayaƙi."

"To, Baffa, don mi kunka guje shi?"

Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa. "Mi a aikin dillali? In na kawo sana, mai kuɗi ya taya shi banza, dillali shi ka tsayawa shi ce a'a, ba haka ba. Ni ban iya ciniki ba, bakinai shi na bakina. To, mutumin da ya kasa ce ma Alhaji a'a don kainai, ran da Alhaji ya taya sana, shi iya ce mishi a'a domina?"

Na sha nonon, na yi sallama, na tura kekena na kama hanyar gida.

Da shanu suka daina biyowa ta hannun abokina, Alhaji ma ya ga ba shi da sauran amfani, ya koma wurin dillalin da Fulani suka koma. Ran Lahadi motarsa ba ta fasa fita ba, da malamin asibiti da tsohon soja a baya. Ni dai ban sake shiga ba. Abokina ya jure shekara, sannan ya kwashe iyalinsa suka bar garin.

Na daɗe ban gan shi ba, sai wata rana a kasuwar Konni. Yana zaune can gefen kara, inda ake cinikin shanu, ya baza igiyoyin ɗaure dabbobi a kan buhu yana sayarwa. Ya yi furfura tun lokacinta bai yi ba. Ya tashi ya rungume ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Da na ga ba zai taɓo maganar ba, ni na taɓo. Na ce me ya hana shi buɗe baki ranar nan.

Ya yi ɗan murmushi yana murza igiya. "Malam, in na ce ba ni ba na, Alhaji shi tahi. In na yi shiru, Hillani su tahi. Na zaɓi guda, na rasa duka biyu." Sai wani ya tsaya yana tayin igiya, ya juya gare shi, maganar ta ƙare a nan.

Da ma ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Har yau in na tuna mutanen nan da muka ci goro tare, raina ɓaci yake. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne, a watan da aka harbi karsanar nan albashina ya zo cif, ko dala bai ragu ba. Wasa ɗaya muka shiga, ni na koma aji ran Litinin, shi ya rasa gadon ubansa.

Tun daga nan, in na ga mutum yana ja da baya ga abin da ni nake ganin daɗinsa, ba na saurin ce masa matsoraci. Sai na fara tambayar kaina me yake riƙe da shi da zai iya zubewa, wanda ni ba na riƙe da irinsa. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, wanda ba shi da ko ɗan tsako kuwa bai kamata ya koya mata jarumta ba.