Kailu Ba Ya Riga Baƙo Tsame Hannu

Duk wanda ya taɓa sauka a gidan Alhaji Kailu da ke Bracodi, cikin Adjamé, ya san dokar gidan. Baƙo ba ya cin abinci shi kaɗai, maigida kuma ba ya riga baƙo tsame hannu daga tire. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka, ba a taɓa fashi ba.

Kailu mutumin Madawa ne. Ya shigo Abidjan yana saurayi, siriri kamar sillen kara, da riga biyu a cikin leda. Gidan da aka kwatanta masa ya sauka, sai suka miƙo masa kwanon shinkafa a bakin ƙofa, suka koma ciki suna cin nasu suna hira. Ya cinye, don yunwa yake ji ba ta wasa ba, amma har gobe yana cewa bai taɓa haɗiye abu mai ɗaci irin wannan shinkafa ba. A bakin ƙofar nan ya yi wa kansa alkawari, in Allah ya ba shi gida, ba mai ci shi kaɗai a cikinsa.

Allah kuwa ya ba shi. Ya fara da tsofaffin rediyo a kan tebur a kasuwar Bilak, ya koma wayoyi da caja, ya kama shago. Ya auri Hajo, haifaffiyar Treichville wadda iyayenta suka fito daga Tawa, mace mai hannun girki da babu irinsa a unguwar. Tuwo da miyar kuka ta iya kamar a gida, aceke, wato dambun rogo, da soyayyen kifi kuwa ko 'yan ƙasa sai su sara mata. Da ya ƙara ɗakuna uku a bayan gida, sai ya zama mai masaukin fatake, na Kano da Maraɗi da Ƙonni, masu zuwa fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa.

To, ga inda matsalar take: baƙi ba sa isowa lokaci ɗaya. Wannan ya sauka da hantsi, a kawo tire, Alhaji ya wanke hannu. Wancan ya iso bayan azahar, a sake kawo tire, Alhaji ya sake wanke hannu. Akwai ranar da yakan ci abincin rana sau huɗu, kowanne da aloko, wato soyayyar ayaba mai tsiyayar da mai, da zoɓo mai sukari a kai. Jiki ya yi ta buɗewa, mutane na cewa, "Masha Allah, arziki ya zauna wa Alhaji!" Shi kuma ya shafa tumbi ya yi dariya. Ba wanda ya ce masa kul, har ita Hajo, don a lokacin daɗi take ji a ce mijinta ya fi kowa cika riga.

Gwiwoyi ne suka fara yi masa tawaye. Yana da shekara hamsin da shida aka ajiye masa kujerar roba a ƙarshen sahu, gefen tsofaffin da suka haife shi. Liman ya ce salla a zaune ta halatta ga mai lalura, shi ma ya sani. Amma duk lokacin da jama'a suka zube ƙasa gaba ɗaya suka bar shi a sama yana ɗan sunkuyar da kai, sai ya ji kamar ba ya cikin sahun. Shekara biyu cur goshinsa bai taɓa ƙasa ba. Ciwon gwiwa bai taɓa sa shi hawaye ba, amma wannan ya sa shi.

Hajo ce ta tasa shi gaba, suka tsallaka gada zuwa wani asibiti a Treichville, kusa da tashar bato, jirgin ruwan fasinja. Sikeli ya nuna kilo ɗari da ashirin da ɗaya. Likitar, wata 'yar ƙaramar mace mai tabarau, ta kama hannunsa ta dunƙule shi.

"Shinkafa ko aceke, iyakar wannan," in ji ta. Ta buɗe tafin hannun. "Kifi ko nama, iyakar wannan. Sauran ganye, ka ci yadda kake so. Mai cokali ɗaya. In ka sauke kilo ashirin, wataƙila gwiwa ta yafe maka. Wataƙila na ce, Alhaji, ban yi alkawari ba."

Ya kalli dunƙulen hannunsa, ya kalli matarsa. "Hajiya, wannan ai abincin mage ne!"

Duk da haka ya yarda, don sujada yake so. Hajo ta sayo masa ɗan ƙaramin faranti, shi kaɗai, gefen babban tire. Kwana uku da farawa sai ga wani baƙo daga Kano, Mijinyawa, magidanci mai kunya da zuwansa Abidjan na farko ke nan. Loma biyar Alhaji ya yi farantinsa ya ƙare, ya jawo ruwa ya wanke hannu. Mijinyawa kuwa ɗan gidan tarbiyya ne, yaya za a yi ya ci gaba da ci maigida na zaune yana kallonsa? Nan take ya tsame nasa. "Alhamdu lillahi, na ƙoshi," in ji shi, alhali ko kwatan tiren bai taɓa ba.

Bayan la'asar Kailu na dawowa daga masallaci, sai ya hango shi a rumfar mai garba, aceken talakawa da ake sayarwa a bakin titi. Yana tsugune, ya juya fuska ga bango, yana ci shi kaɗai. Baƙonsa! Kailu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Yana shiga gida ya ɗauki ɗan farantin ya ɗora shi can saman kwaba.

"Hajiya, an gama," ya ce. "In kujera ce rabona, to kujera ce. Ba zan sayi gwiwata da yunwar baƙo ba."

Shekara talatin Hajo take tare da mutumin nan, ta san musu ba ya motsa shi ko nan da can. Washegari da sassafe ta tafi kasuwa ta ciko kwando da kabeji da kokwamba da gauta da tumatir. Ta samo gwangwanin tumatir ƙarami ta wanke, ta auna masa acekensa na yini ɗaya tun da safe, ta kasa shi gwargwadon yawan baƙin da ake jira. Da ta haɗa tire, ɓangaren baƙo aceke ne har ƙasa. Ɓangaren maigida kuwa tulin ganye ne da ta yayyafa wa aceke a sama, da ɗan gasasshen kifi a gefe. In ka kalla daga nesa, tire ɗaya ne cike fal.

"Hannunka ba zai fita ba sai nasa ya fita," ta ce masa. "Amma ka tauna kamar mai ciwon haƙori. Kuma ka yi ta surutu, ai ka iya."

Wallahi ya iya! Loma ɗaya, labari ɗaya. Baƙi suka sha labarin tsofaffin rediyo har suka haddace. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar baƙo ta tura wa maigida tsokar nama gabansa don girmamawa. Duk sanda aka yi haka, sai a ji tarin Hajo daga bayan labule, Alhaji ya mayar da tsokar yana murmushin dole. Da Mijinyawa ya dawo bayan wata biyu, ya gano abin da ke ƙarƙashin aceken, bai nuna ba, amma ya je ya faɗa wa 'yan uwansa fatake. Tun daga nan baƙin gidan suka koyi rashin kunyar da ba a taɓa gani ba, kowa ya janye nama gabansa ya ce, "Alhaji, sai haƙuri."

Kar a ce abin ya tafi sumul. Babbar salla ta mayar masa da kilo uku. Sau biyu Hajo na jin ƙamshin aloko a gemunsa, ya rantse wucewa kawai ya yi ta gefen mai suya. Ita ma ta daina ci, ba don likita ta hana ta ba, sai don kar ya gani a hannunta. Ya fara zuwa shago a ƙafa, yana hutawa sau uku a hanya, daga baya sau ɗaya. Wata goma sha huɗu, kilo goma sha bakwai suka tafi. Ashirin ɗin ba su cika ba.

Ran nan aka kece da ruwan sama da la'asar, titin Bracodi ya zama rafi, ba halin zuwa masallaci. Kailu ya shimfiɗa darduma a ɗaki, Hajo na bakin ƙofa tana yankan kuɓewa. Ya ɗan tsaya yana kallon kujerar, sannan ya ture ta gefe da ƙafa ya tayar da kabbara. Da ya ɗago daga ruku'u, ta ga ya dafa cinya ya fara sauka a hankali. Gwiwar hagu ta yi ƙara, wuƙa ta tsaya cak a hannun Hajo. Ya dafa ƙasa, ya kai goshi.

Ya daɗe a haka, har ta tsorata ko maƙalewa ya yi. Ta ajiye kwano ta matso, sai ta ga kafaɗunsa na girgiza. Ta koma da baya ta toshe bakinta da gefen mayafi, ita ma nata hawayen na zuba. Sauran raka'o'in a zaune a ƙasa ya ƙarasa su, don miƙewa ta gagara, amma kowace sujada goshinsa ya kai.

Da ya sallame ya juyo ya dube ta, gemu jiƙe sharkaf.

"Hajo," ya ce, sunan da ya daɗe bai kira ta da shi ba, "na manta ashe haka ƙasa take da sanyi."

Ta goge hannuwanta a zane, ta miƙa masa duka biyun. "Kama nan, Alhaji. A hankali, da ta dama za ka fara."