Karfasar da Ta Kwashe 'Ya'yanta a Baki

Jama'a, yau kifi ya sa Innarmu hawaye!

Kun san akwatin gilashin da nake kiwon karfasa a ciki? Da safe na ga 'ya'ya ƙanana suna yawo. Ina matsowa, uwar ta buɗe baki ta kwashe su kaf! Na ce, "Inna, ta cinye su!" Na ɗauko rariya zan cire ta.

Inna ta riƙe hannuna. "Kai, bar ta! Ɓoye su ta yi. Haka suke yi a rafinmu na Damari."

Muka ja baya. Can sai ta furzo su, da ransu!

Tun da muka baro ƙauye, yayyena kowa da garin da ya faɗa. Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ita dai nata suna wuri ɗaya."