Takardar Simintin Tanti Rabi

Duk wanda ya taɓa raka Tanti Rabi farmasi ya san ba a shiga da ita a fito da wuri. Ba ruwanta da gaban kwalba. Juya ta take yi, ta ciro gilashin ƙara girman rubutu daga jaka, ta bi ƙananan rubutun baya layi-layi, yadda ta saba tun tana aikin gwajin jini a asibiti. In ka gaji ka yi tsaki, sai ta ce, "Gaba talla ce. Baya ake karantawa."

Ni, ɗiyar ƙanwarta, na fi kowa shan wannan karatu. Shekarar da na shiga jami'a ina zaune wurinta a Talaje, kullum ina ƙetare gada a kan moto, wato babur, zuwa jami'ar a Lamorde cikin rana. Fuskata kuwa maiƙo gare ta, kafin azahar goshina na ƙyalli. Ga ƙuraje, kowanne in ya tafi sai ya bar baƙin tabo. Abin ya dame ni har na daina ɗaga kai a aji.

Wata safiya ta kama haɓata ta juya ni hagu da dama. "Rana ce ke ƙara dafa tabon nan. Man kariyar rana za ki riƙa shafawa. Ɗauko mayafinki."

A farmasi mai sayarwa ya miƙo wani mai kyan kwali. Tanti ta juya shi.

"Man kwakwa, na uku a jeri. Ga turare. Ɗana, abin da aka rubuta da farko shi ya fi yawa a ciki. Yarinyar nan maiƙon fuskarta ya isa a soya ƙosai, kana so ka ƙara mata?"

"Hajiya, shi kowa ke saye."

"Kowa ba ɗiyata ba ce. Kawo marar mai, wanda aka rubuta ba ya toshe ƙofofin fata, mai sinadarin zinc, ƙarfin kariya lamba hamsin."

Ya kawo guda uku. Sai ta ciro guntun takardar siminti, irin wadda masu tsire ke naɗe nama, ta sa ya ɗiga mata na gwaji a kai. Wanda ya jiƙa takardar har ana hango haske, ya faɗi ke nan. Muka tsaya jiran takarda har bawan Allah ya kawo mata kujera.

"Hajiya, wannan gwajin a wace lakkol aka koya miki?"

"Wurin mahauci."

Wanda ya ci jarrabawar ma bai bar ni lafiya ba. Na shafa, na fito fari fat kamar na faɗa buhun fulawa. Na ce wallahi ba ni zuwa jami'a haka. Ta dube ni ta ce, "Kin yi muni, amma ba ki yi ƙurji ba." Duk da haka sau uku tana komawa, har ta samo mai ɗan launin ƙasa da ya dace da fatata.

Sai dai ni ba ni da haƙurinta. Wata biyu, tabo na tafiya a hankali, sai wata ƙawata ta ba ni wani kirim, wai yana goge tabo cikin sati ɗaya. Na ɓoye shi a ƙarƙashin kaya. Ranar wanki Tanti ta tsince shi. Ba a rubuta komai a bayansa ba.

Na zata faɗa za ta yi. Sai ta ɗauki buta ta zauna gabana, ta wanke hodar fuskarta tas. A kumatunta duka biyu akwai baƙin tabo mai faɗi kamar ƙuna. Ban taɓa gani ba, kuma na san yawancinku da kuka san ta ba ku gani ba.

"Ina kamar shekarunki na shafa irin wannan," in ji ta. "Ba wanda ya hana ni. Ke kina da ni."

Na yi kuka, na kai kirim ɗin shara da hannuna. Tabona ya tafi a cikin shekarar. Nata da shi aka rufe ta.

Allah Ya jiƙan Tanti Rabi, Ya yafe mata, Ya tashe ta da fuska mai haske, ba tabo ko ɗaya.